Famasin da sai an tambaye ka kafin a miƙo maka magani

Jama'a duk mai karɓar maganin ciwon damuwa a Jos ina ba shi shawarar wani famasi da ke kan Bauchi Road, nan nake sayo wa ƙanena fluoxetine ɗin da likitan asibitin koyarwa na JUTH ya rubuta masa. Kuɗinsu ya ɗan ɗara na ƴan Terminus, da yamma kuma layi ne sai an yi haƙuri, amma wallahi matar da ke wurin ta san aikinta.

Ba ta miƙo magani sai ta ji me da me mara lafiyan ke sha. Da na ce mata yaron yakan haɗa da tramol wai shi ke saurin yaye masa ƙunci, ajiye biro ta yi ta ce Alhaji zauna tukuna. Ta ce ba ƙarya yake ba, jikin mutum kansa yana da sinadaran rage zafi irin su endofin, kuma wurin da suke kamawa a ƙwaƙwalwa nan tramol ke kamawa, ga shi yana taɓa serotonin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa, kamar yadda maganin damuwan ke yi, to shi ya sa yake jin sakayau nan take alhali fluoxetine sai an yi makonni kafin a ga aikinsa. Haɗa biyun kuwa na iya jawo jijjiga da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, ban da kamu da ƙwayar da ke biyo baya. Hankalina ya tashi sosai don mu a gida ba wanda ya san haka.

Har ta ba ni labarin binciken jami'ar Stanford ta Amurka a 2018, an ba masu damuwa naltrexone, maganin da ke toshe hanyar opiyod wato wurin nan da tramol ke kamawa, kafin a yi musu ketamin, wata allurar gusar da hankali ta tiyata da ke rage damuwa, sai sauƙin da ketamin ɗin ke kawowa ya ragu ƙwarai, wato dai hanyar tana da hannu a lamarin, amma ta ce wannan aikin likitoci ne a asibiti ba lasisin shan ƙwaya ba.

Tramol ko kodin ba sa sayarwa sai da takardar likita ko waye kai. Ta ce kar mu yanke wa yaron tramol ɗin lokaci ɗaya, mu koma da shi wurin likitansa a tsara yadda za a rage masa, kuma hakan muka yi. In za ku je ku tafi da safe, ku riƙe takardarku da kwalayen duk abin da mara lafiyan ke sha, har na gargajiya.