Ɗinkin jijiyar kafaɗata: yadda na same shi bayan wata 14

Da damina na faɗi daga kan babur, ina dawowa daga babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, zuwa gida a unguwar Yelwa. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, mai babur ya kauce wa rami, ƙafar baya ta zame, na kai hannun dama ƙasa don in tare jikina. Na tashi na karkaɗe zanina, har na biya shi kuɗinsa. Sai da dare ya raba kafaɗar ta hana ni sakat.

Washegari aka ɗauki hoton ƙashi, wanda a nan muke ce wa radiyo. Ba karaya, ba gocewa. Aka ce mini, "Targaɗe ne, Hajiya, zai warware," aka rubuta mini maganin ciwo. Wannan kalma ta targaɗe ita ta ci mini wata 7. Na je wurin mai ɗori ya ja hannun har na ga taurari, wanzami ya yi mini ƙaho sau biyu, an yi mini allura a cikin gaɓar wadda ta kwantar da zafin na ɗan lokaci. Ba na zagin mai ɗori, shi ya gyara ƙafar ɗana lokacin da ya karye yana yaro. Amma ƙashi ya sani, ni kuwa ƙashina lafiyarsa ƙalau.

Malamar firamare ce ni, shekarata 54. A aji na gane abin ya wuce targaɗe. Rubutun da nake farawa daga saman allo ya dawo tsakiya, domin alli ba ya haura daidai fuskata. In na ɗaga hannun da na hagu yana tafiya sama, in na sake shi sai ya zube kamar ba nawa ba. Ɗaurin kallabi ya gagara, tuƙin tuwo ya koma hannun 'yata. Barci kuwa, da na juya kan ɓangaren dama sai in farka da salati.

Wani likita ne daga baya ya ce a yi eko, hoton nan irin na masu ciki amma a kan kafaɗa, ya ga alamar yagewa, ya tura ni Yawunde, babban birnin ƙasar, wurin likitan ƙashi mai aiki da kyamara. Can aka saka ni a na'urar IRM, mai ɗaukar hoton cikin jiki har da jijiya da tsoka. Likitan ya juyo mini da hoton, ya ɗauki ƙashin roba da ke kan teburinsa ya yi mini bayanin da tun farko nake bukata. Jijiyoyi 4 ne suka lulluɓe kan ƙashin dantse, su ke riƙe shi cikin gurbinsa, su ɗaga shi, su juya shi. Ta saman, mai ɗaga hannu gefe, ita ce ta fi yawan yagewa, kuma ita ce tawa ta tsinke ta rabu da ƙashi. Radiyo ba ya nuna jijiya. Jijiyar da ta rabu da ƙashi gaba ɗaya ba ta komawa da kanta, ja da baya take yi kamar robar da aka tsinke, tsokarta ta riƙa shanyewa tana cika da kitse, har ta kai inda ɗinki ba zai yi amfani ba. Ya ce, "Hajiya, taki ta ja baya amma za ta kamu. Da kin ƙara shekara guda, da wata magana muke yi."

Ya kuma gaya mini gaskiyar da na ji daɗinta: ba kowace yagewa ake yi wa tiyata ba. Mutane da yawa, musamman waɗanda tasu ta lalace a hankali saboda shekaru, gashi da motsa hannu kawai ke isarsu. Ya tambaye ni ciwon suga da taba, domin su biyun suna hana ɗinkin kamawa. Ya ce ko an yi komai daidai, akwai waɗanda tasu ke sake yagewa. Likitan da zai faɗa miki haka kafin ya karɓi kuɗinki, kin samu na kirki.

Aikin kansa shi ne mafi sauƙi a duk labarin. A watan Maris aka yi, bai kai awa 2 ba. An yi mini allura a gefen wuya wadda ta kashe hannun baki ɗaya, sannan aka sa ni barci. Huji 4 aka yi, kowane bai wuce faɗin farce ba. Ta ɗaya kyamara ta shiga, ta sauran kayan aiki. Aka dasa 'yan ƙusoshi masu zare a cikin ƙashin, aka jawo jijiyar aka ɗaure ta a mazauninta. Na farka hannuna a cikin marataya mai ƙaramin matashi da ya raba shi da haƙarƙarina. Na ce wa maigidana ashe abin ba wuya. Cikin dare allurar wuyan ta sake ni, kuma ban taɓa jin zafi irin wannan ba sai a naƙuda. An ce in sha magani tun kafin ta sake, na ƙi saboda ba na jin komai. Kada wata ta yi irin kuskurena. An ba ni tramadol na 'yan kwanaki, na sha yadda aka rubuta na ajiye, don mun ga abin da ƙwayar nan ta yi wa samarin garinmu.

Sai komawa gida. Jirgin ƙasa na dare daga Yawunde zuwa Ngaundere, sama da kilomita 600, sannan mota ta gangaro da mu dutse zuwa Garwa, kusan 280. Na ƙidaya kowane gargada da kafaɗata. Da na sani, da na ƙara mako guda wurin 'yan uwa a unguwar Briqueterie kafin in kama hanya.

Mako 6 na yi da maratayar, dare da rana, a Maris da Afrilun Garwa, lokacin da zafi ke haura maki 40. Hammatata ta yi ƙuraje, sai da 'yata ta riƙa sa mini tsumma mai laushi tana canzawa sau uku a yini. Kwanciya a miƙe ba ta yiwuwa. A jingine nake kwana da matasai uku a tsakar gida. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne cin abinci da hagu. Ranar farko na zauna gaban kwano na kasa kai loma, sai surukata ta ce, "Ci abinki, 'yar nan, Allah ya san lalura." Salla a zaune, kabbara da hannu ɗaya, alwala sai an zuba mini ruwa. Masu zuwa dubiya kowa da shawararsa, mafi yawa kuwa ita ce in cire abin nan in motsa hannun kada ya sandare. Likita ya riga ya gargaɗe ni: jijiya na bukatar kusan mako 12 kafin ta manne da ƙashi, zaren kawai ke riƙe da ita kafin nan. Ko buta ban ɗauka ba.

A nan ne ƙorafina yake, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. An sallame ni da takarda guda mai cewa in yi kine, wato gashi, ba tare da an rubuta me za a yi a wane mako ba, ba a kuma haɗa ni da kowa a arewa ba. Mai gashin farko da na samu, rana ta biyu ya miƙo mini ƙarfe in ɗaga. Jikina ya ba ni ba daidai ba ne, na kira Yawunde, aka ce in tsaya nan take. Sai da muka yi cigiya muka samu wata yarinya da ta taɓa kula da irin wannan aiki. Ta sa likitan ya turo mata tsarin ta WhatsApp, ta bi shi daki-daki. Da farko ita ke ɗaga hannun, ni ba na sa ƙarfi ko kaɗan. "Saki jikinki, Mama, ni zan ɗauka," haka take cewa kullum. Bayan mako 6 na fara taimaka wa hannun da sanda, da igiyar da maigidana ya rataya a reshen darbejiya, ina ja da hagu dama na hawa. Ina tafiyar da yatsu a jikin bango, 'yata na sa alama da gawayi inda na tsaya. Robar ja don ƙarfafa tsoka sai bayan wata 3. A wata na huɗu alamar gawayin ta tsaya wuri ɗaya har mako uku, na yi kuka na ce kuɗina sun tafi a banza. Daga baya ta ci gaba da hawa.

Maganar kuɗi, aikin da tsada, har sai da muka sayar da shanu biyu. Amma wanda ya yi lissafin tiyata kaɗai ya yi rabin lissafi: akwai IRM, kuɗin jirgi na mutum biyu har sau uku, zaman gashi na watanni, da mai babur mai kai ki yana tafiya a hankali. Duk mai shirin zuwa, ya nemo mai gashinsa a garinsu tukuna, ya karɓi tsarin a rubuce mako-mako kafin ya bar asibiti, ya tabbatar akwai wanda zai tsaya masa a gida wata biyu.

Da za a mayar da ni baya, zan sake yarda a yi, sai dai ba zan jira wata 7 ba. Zafin dare ya tafi tun wata na uku, kuma shi kaɗai ya isa. Na koma aji a Satumba, wata 6 bayan aikin. Yanzu ina ɗaura kallabina, ina tuƙa tuwon mutum biyar, kwanan wata ya koma kusurwar saman allo. Kai hannu baya tsakanin kafaɗu har yau bai cika ba, lokacin hunturu gaɓar takan yi tsami da asuba, kuma bokitin ruwa cikakke da hagu nake ɗauka.