Wane ƙwallon gilashin taru ya dace a saya domin haɗa fitilar rataye?

Wanda ya shiga shagunan intanet yana neman ƙwallon gilashi irin wanda masuntan teku suke ɗaurawa a taru domin kada ya nutse, da niyyar ya huda shi ya sa masa ƙwan lantarki ya rataya a falo ko a gidan cin abinci, zai tarar da kaya iri-iri waɗanda sunansu ɗaya amma halinsu ya sha bamban. Akwai tsofaffin ƙwallayen Japan da suka yi aiki a teku, akwai na Turai, akwai sababbin da ake yi domin ado kawai, akwai na masu fasahar busa gilashi, sannan akwai fitilun da aka riga aka haɗa. A ganina guda ɗaya ne daga cikinsu ya cancanci kuɗin mai saye da wahalar kawo shi daga nesa, wato tsohon ƙwallon Japan na aiki, kore, mai faɗin santimita 25 zuwa 30, wanda ba shi da wani tambari na musamman a jikinsa.

Sana'ar yin waɗannan ƙwallaye ta faro ne daga Norway a shekarun 1840, inda ake danganta ta da wani ɗan kasuwa na birnin Bergen mai suna Christopher Faye tare da masana'antar gilashi ta Hadeland. Japan ta ɗauke ta wajen shekarar 1910, ta kuma zarce kowa a yawa, domin masana'antun Hokkaido da na arewacin tsibirin Honshu sun busa miliyoyin ƙwallaye kafin roba da alminiyom su ture gilashi a shekarun 1960 da 1970. Ƙananan an yi su ne domin tarun kama ƙananan kifaye, manyan kuma domin doguwar igiya mai ƙugiyoyi, irin mamari, wadda ake shimfiɗawa a tsakiyar teku domin kifin tuna. Waɗannan manyan su ne suka dace da fitila, kuma gidajen cin abinci na Amurka masu adon tsibiran Fasifik, irin su Don the Beachcomber da Trader Vic's da suka fara a California a shekarun 1930, su ne suka yayata rataya su da haske a ciki.

Dalilina na farko na fifita ƙwallon Japan shi ne kaurin gilashinsa. An yi shi ne domin ya jure karo da jikin jirgi, da nauyin igiya, da matsin ruwa, saboda haka bangonsa yana da nama, kuma gilashi mai nama shi ne yake karɓar huda ba tare da ya tsage ba, muddin aka bi shi a hankali. Dalili na biyu shi ne launi. Yawancinsu an narkar da tsofaffin kwalabe ne aka busa su, musamman kwalaben giyar shinkafa da Japanawa ke kira sake, shi ya sa suke fitowa kore mai ratsin shuɗi, kuma da yake ba a tsaya tace gilashin ba, 'yan kumfar iska da zane-zanen narkewa sun cika jikinsa. A idon mai masana'anta wannan aibi ne, amma idan aka kunna ƙwai a ciki kowace kumfa takan kama haske ta watsa shi, igiyar ragar da aka saƙa masa kuma ta jefa inuwarta a bango da rufin ɗaki. Babu ƙwallaye biyu da suke haskawa iri ɗaya, kuma koren yana cikin gilashin kansa, zafi ko goga ba za su taɓa cire shi ba.

Kowane ƙwallo da aka busa da baki yana da cibiya, wato dunƙulen narkakken gilashin da aka manna a inda aka cire bututun busawa domin a toshe shi. A kan wannan cibiya ko kusa da ita wasu masana'antu suke buga tambarinsu. Wanda aka fi gani shi ne na kamfanin Hokuyo da ke Aomori, harafin Japananci mai nufin arewa, wanda yake kama da harafin F guda biyu sun juya wa juna baya, kuma da yake ƙwallayen wannan kamfani suna da yawa, huda ɗayansu ba ɓarna ba ce. Ƙwallon da ke ɗauke da tambari mai wuyar samu, ko mai launin da ba a saba gani ba, hakkinsa a bar shi yadda yake, domin masu tara su suna biyan kuɗi mai yawa a kansa kuma rami ɗaya ya isa ya zubar da darajarsa. Wanda ya mallaki irinsa yana iya rataya shi a cikin ragarsa ya hasko shi daga sama da ƙaramar fitila. Domin huda, mafi arha kuma mafi yawa shi ne mafi dacewa, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka sa nake son sa.

Game da girma, ƙwallayen Japan suna farawa daga kimanin santimita 5 har zuwa wajen santimita 50. Ƙananan na santimita 8 zuwa 10 ba sa ɗaukar ƙwai, sai dai siririyar wayar nan mai ƙananan fitilun LED, wadda ramin milimita 10 ya ishe ta. Wanda ya haura santimita 35 kuma nauyinsa da kuɗin dakonsa sukan fi ƙarfin amfaninsa. Na santimita 25 zuwa 30 yana da sararin da zafi zai bazu a ciki, yana ɗaukar ramin santimita 4 wanda holda mai lamba E14 da siririn ƙwai mai siffar kyandir za su shige, kuma ƙugiya ɗaya mai kyau a rufi tana riƙe shi. A kula cewa masu sayarwa da yawa kewayen ƙwallon suke rubutawa ba faɗinsa ba, domin lambar ta fi girma a ido. Wanda aka ce inci 38 ne, idan kewaye ake nufi, faɗinsa inci 12 ne kawai, wato santimita 30. A raba lambar da 3.14 kafin a biya.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Na Norway da sauran Turai galibi ƙanana ne, wajen santimita 13, kuma da yawansu duhun gilashinsu yana shanye haske. Masu siffar muciya, dogaye masu ƙulli a kowane gefe, ba su da cikin da ƙwai zai zauna. Na masu fasahar gilashi na gaɓar jihar Oregon ta Amurka, irin waɗanda garin Lincoln City yake ɓoyewa a bakin teku domin baƙi su tsinta, suna da kyau a kan tebur amma sun yi ƙanƙanta da tsada ga mai huda. Na roba ko na ƙaro ba su cancanci a ambace su ba. Wanda kawai nake ɗaga wa ƙafa shi ne sabon ƙwallon masana'antar Asahara da ke birnin Otaru na Japan, wadda ta faro tun 1900 kuma har yanzu tana busa su daga narkakken tsohon gilashi bisa tsohuwar hanya. Sabo ne, ana kuma sayar da shi a matsayin sabo.

Inda mai saye yake asara shi ne sabon ƙwallon ado da ake sayarwa da sunan tsohon na teku. Na taɓa sayen wani ja daga hannun wani mai shago a intanet da ya rantse cewa daga tarun masunta ya fito, hotonsa kuwa ba shi da makusa. Da aka kunna fitila a cikinsa na ɗan lokaci, jan ya fara ɓarewa daga wajen holda yana sauka, farin gilashi ya bayyana a ƙarƙashi, domin fenti ne aka fesa masa. Daga baya tsaga ta taso daga bakin ramin saboda gilashin bai fi na ƙwan fitila kauri ba. Tun daga nan launi da nauyi su ne abubuwa biyu da nake fara tambaya.

Masunta ba su biya kuɗi domin launi ba, sun sayi abin da ya fi arha ne. Kore, da kore mai ratsin shuɗi, da fari, da ruwan zuma wanda ya fito daga kwalabe masu duhu, su ne launukan aiki. Ja na gaskiya a tsohon gilashi da zinariya ake samar da shi, shuɗi mai duhu kuma da sinadarin kobalt, shi ya sa tsofaffin masu waɗannan launuka suke da matuƙar wuyar samu. Saboda haka wanda ya jera ja da rawaya da ruwan lemo da shuɗi, girmansu ɗaya, farashinsu ɗaya, ya ce duk tsintuwar bakin teku ce, ƙarya yake yi. A nemi hoton cibiya daga kusa an hasko ta ta baya: idan launin na cikin gilashi ne, cibiyar za ta fi ko'ina duhu domin ta fi kauri, idan kuma fenti ne, za a gan ta fara ko a ga launin ya taru a gefenta. Idan kayan ya riga ya iso, a ɗiga ruwan goge jan farce a auduga a shafa kusa da cibiya. Fenti zai biyo audugar, gilashi mai launin asali ba zai canza ba. Samuwar cibiya kaɗai ba hujja ba ce, domin na jabu ma suna da ita.

Algus na biyu shi ne tsufan ƙarya. Ƙwallon da ya ɓalle daga taru a gaɓar Japan, igiyar ruwan Kuroshio ta ɗauke shi ya yi shekaru yana yawo a arewacin Fasifik kafin ya faɗa gaɓar Alaska ko Washington ko Oregon, yashi yakan goge inda yake a buɗe ya dusashe, inda igiya ta rufe kuma ya zauna da sheƙinsa, sai zanen ragar ya fito a jikin gilashin, wani gefe ya fi wani gogewa. Masu algus suna fesa yashi da inji ko su tsoma ƙwallon a asid, sai dusashewar ta fito bai ɗaya daga sama har ƙasa, har ƙarƙashin igiya. Suna jiƙa sabuwar igiya a ruwan shayi ko baƙin mai domin ta yi duhu, wasu har su manna ɓawon halittun teku da gam. A ɗaga ƙullin igiya a duba ƙarƙashinsa, a kuma warware zarenta kaɗan: tsohuwar igiya ta tsufa har ciki, rinanniya kuwa cikinta fari ne. Sai dai kada a ƙi ƙwallo don kawai yana sheƙi, domin da yawa daga cikin na gaskiya daga rumbunan masunta na Hokkaido da Aomori aka sayo su, ba su taɓa birgima a yashi ba. Haka nan layin da ya zagaye wasu ƙwallaye alamar mazubin da aka busa su a ciki ce, kuma akwai na aiki da yawa masu ita. Kalmomin talla masu nufin "irin na da" ko "salon Japan" kuwa hanya ce ta faɗin cewa sabo ne ba tare da an faɗa ba.

Nauyi ba ya ƙarya, shi ya sa nake neman mai sayarwa ya ɗora ƙwallon a sikeli ya turo hoto. Na aiki mai faɗin santimita 30 yakan kai kilo 2 ko fiye, na ado mai girmansa kuwa hannu ɗaya yake ɗaga shi kamar babu komai. Wanda ya ƙi auna kayansa, ko ya ƙi turo hoton cibiya, a bar masa abinsa. A kuma tambaya ko akwai tsaga, musamman kewayen cibiya, domin ƙaramar tsaga da ba ta hana ƙwallo zama a kan tebur ba ita ce take gudu ta raba shi biyu da zarar injin huda ya taɓa shi.

Fitilar da aka riga aka haɗa tana raba mutum da haɗarin huda, kuma ga wanda bai taɓa huda gilashi ba wannan riba ce, amma wayarta da holdarta na ƙasar da aka yi ta ne. Wutar Amurka volt 120 ce, ta Japan 100, ta Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230, kuma holdarsu mai lamba E26 ba daidai take da E27 da ke kasuwanninmu ba, ko da yake ƙwai yakan ɗauru. Ya fi a sayi ƙwallon da aka huda kawai, a ba mai gyaran wuta ya sa masa waya da holda na gida. Wanda zai huda da kansa yana buƙatar bakin huda mai garin daimon, da ruwa yana zuba a wurin ba yankewa, da inji a hankali ba tare da dannawa ba, da tabarau da safar hannu. Ya zaɓi wuri nesa da cibiya, kuma kada ƙarar shigar iska ta tsorata shi idan bakin ya ratsa, domin an toshe ƙwallon ne yana da zafi, iskar cikinsa ta ragu bayan ya huce.

Ƙwan LED mai wat 2 zuwa 4 kawai za a sa, mai haske ruwan ɗorawa, domin farin haske yana mayar da koren gilashin fayau, tsohon ƙwai mai zare kuma yana tara zafin da ba shi da mafita. Kada wayar wuta ta ɗauki nauyi. Sarƙa ko igiyar ragar ce za ta riƙe ƙwallon, wayar ta bi gefenta a sake. Tsohuwar raga komai kyanta ba abin dogaro ba ce a saman kan mutane, don haka a saƙa sabuwa da igiya mai ƙarfi ko a ɓoye siririyar wayar ƙarfe a cikin tsohuwar. Wajen dako kuma a sharɗanta kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya da abin cushe a tsakaninsu, kowane ƙwallo a nasa kwalin, a kuma amince a rubuce kan wanda zai ɗauki asara idan ya iso a fashe.