Wace Madarar Kwakwa Za Ki Saya Don Dafa Mbaazi?

A Mombasa da Lamu da Zanzibar, ana yawan karya kumallo da mbaazi za nazi, wato waken Masar (wanda Ibo ke kira fiofio) da aka dafa cikin madarar kwakwa, a ci shi da mahamri, wani soyayyen fulawa mai kusurwa uku mai ƙamshin kadamon. Waken ba shi da wuyar dafawa. Madarar ce ke gyara girkin ko ta ɓata shi.

Matan Suwahili madara iri biyu suke tatsa daga kwakwa ɗaya. Tatsar farko mai kauri ce, suna ce mata tui zito. Ta biyu, bayan an ƙara ruwa a kan tuƙar, ita ce tui jepesi. Da tsinkakkiyar ake dafa waken da albasa da ɗan barkono, mai kaurin kuwa sai dab da saukewa ake zubawa, a rage wuta don kada ta tsinke. To duk abin da za ki saya, ki tambayi kanki ko zai ba ki waɗannan biyun.

Ɗanyar kwakwa ita ce gaba da komai. Ki ɗauka ki girgiza kusa da kunne: in ba ki ji motsin ruwa ba, ajiye ta. Ki duba idanunta uku, kada ki ga danshi ko fumfuna. A can suna kankare ta da mbuzi, 'yar kujera mai ƙarfe mai haƙora a baki. A nan bilenda da ruwan ɗumi da ƙyallen tata sun wadatar. Aikin dai yana cin lokaci, kuma madarar ba ta kwana a zafinmu in babu firji.

Ta gwangwani ce ke biye. Galibi mililita 400 ce, kamar Aroy-D da Chaokoh na Tailan. Kada ki girgiza gwangwanin. Ki buɗe a hankali ki kwashe kitsen da ya taru a sama ki ajiye gefe, na ƙasan ki sirka da ruwa, kin sami iri biyun ke nan. Ki karanta bayan gwangwanin. Wadda aka zuba wa danƙon guar (wani sinadarin ƙara kauri) ba ta rabuwa sosai. Wadda aka ce mai ƙarancin kitse ce kuma ruwa aka ƙara mata, ruwa kuwa kina da shi a randa.

Ta hoda, irin ta kamfanin Maggi, ba ta buƙatar sanyi, kuma ke za ki dama ta yadda kike so. Ƙamshinta bai kai ba, sannan akwai sinadarin nonon saniya a cikinta, mai rashin jituwa da nono ya kiyaye.

Ta kwali da ake zubawa a shayi kam ki bar ta a kanti. Yawancinta ruwa ne, wata har da sukari, waken zai fito tsululu.