Batirin Shenxing na CATL: Yaya Saurin Cajinsa Yake?

A watan Agustan 2023 ne kamfanin CATL na ƙasar Sin, mai ƙera batiran motocin lantarki, ya fito da batirin Shenxing, yana mai cewa cajin minti 10 zai ba mota tafiyar kilomita 400. Abin da ya sa batirin ya cancanci a duba shi da kyau shi ne nau'insa, wato LFP (batir mai haɗin lithiyam da ƙarfe da fosfet), wanda aka sani da araha da juriya, amma ba a san shi da sauri ba.

Saurin caji ya dogara ne ga zirga-zirgar ƙwayoyin lithiyam a cikin batir. Idan aka jona caji, ƙwayoyin kan bar katod (ɓangare ɗaya na cikin batir), su ratsa ruwan batir, sannan su kutsa tsakanin shimfiɗun girafait (wani nau'in sinadarin kabon) da ke anod, wato ɗaya ɓangaren. Matsalar tana wannan mashiga ta ƙarshe, domin idan suka iso da yawa fiye da yadda girafait zai iya karɓa, sai su taru a bakinsa su daskare su zama ƙarfe, abin da ke rage ƙarfin batir, wani lokacin ma ya haddasa haɗuwar wuta a ciki. CATL ya ce ya gyara fuskar girafait don ƙara hanyoyin shiga, ya kuma rage kaurin ruwan batirin don ƙwayoyin su riƙa tafiya cikin sauƙi. A ganina wannan gyara ne da ya taɓa ainihin ciwon, kuma shi ne babban abin yabo a batirin.

Sai dai mai saye ya lura da sharuɗɗan da talla ba ta cika faɗa ba. Ma'aunin saurin cajin Shenxing shi ne 4C, wato ƙarfin wutar da ke daidai da cika batir cikin minti 15, abin da ke nufin batir mai kilowat-awa 80 zai buƙaci na'urar caji mai kusan kilowat 320, kuma ba kowace tasha ke da irinta ba. Sanyi ma yana rage gudun ƙwayoyin, shi ya sa kamfanin da kansa ya ce a ma'aunin sanyi 10 ƙasa da sifili sai an ɗauki minti 30 kafin a kai kashi 80. Daga kashi 80 zuwa sama kuwa dole caji ya lafa, saboda gurabe sun kusa cika a anod.

Ga mai yawan doguwar tafiya a hanyar da ke da manyan tashoshin caji, batirin ya biya buƙata. Wanda yake caji a gida da dare kuwa da wuya ya ga bambanci.