Shirin ASAP na Jami'ar Birnin New York: Ko Ya Cancanci Ɗalibi Ya Shiga?

Samun gurbi a kwalejojin al'umma na Amurka, wato masu ba da digirin shekara biyu, abu ne mai sauƙi, domin yawancinsu suna karɓar duk wanda ya kammala sakandare. Kammalawar ce take gagarar mutane da yawa. Ɗalibi yakan fara da zumuɗi, bayan zango ɗaya ko biyu kuma a neme shi a rasa, sau da yawa saboda kuɗin mota ya yanke, ko littafi ya fi ƙarfin aljihunsa, ko ya ɓata lokaci a kan darasin da ba ya cikin abin da ake bukata ba tare da kowa ya ankarar da shi ba. Don magance wannan matsala ce Jami'ar Birnin New York, wadda aka fi sani da CUNY, ta ƙaddamar da shirin ASAP (Accelerated Study in Associate Programs, wato shirin hanzarta kammala digirin shekara biyu) a shekarar 2007, zamanin magajin gari Michael Bloomberg, da ɗalibai 1,132 a kwalejoji shida: Borough of Manhattan, Bronx, Hostos, Kingsborough, LaGuardia da Queensborough. Burin da aka sa a gaba shi ne aƙalla rabin ɗaliban su kammala cikin shekara uku. Tun da biyu daga cikin waɗannan kwalejoji suna unguwar Bronx, inda Hausawan Gana da na Nijar da sauran mutanen Afirka ta Yamma suke da yawa, iyaye da ɗalibanmu na can suna da dalilin sanin abin da shirin yake bayarwa da abin da yake nema.

Ta fuskar kuɗi, shirin yana yin abu uku. Yana cike giɓin kuɗin makaranta da ya rage bayan tallafin gwamnatin tarayya na Pell da na jihar New York na TAP, ga wanda ya cancanci tallafin. Yana taimakawa da kuɗin littattafai. Yana kuma ba da katin shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas, wanda aka sani da MetroCard kafin tsarin OMNY ya zo ya maye gurbinsa. Wanda bai zauna a New York ba zai iya raina wannan kati, amma ga ɗalibin da yake fita kullum daga gida zuwa aji, daga aji zuwa wurin aiki, katin yana cikin abubuwan da suka fi rage masa nauyi.

A ganina, kashin bayan shirin shi ne jami'in ba da shawara. Kowane ɗalibi ana haɗa shi da jami'i guda wanda zai riƙa bibiyar karatunsa tun daga shiga har zuwa kammalawa. A shekarun farko jami'i ɗaya yana kula da ɗalibai 60 zuwa 80 ne kawai, alhali takwaransa da ke wajen shirin yana ɗauke da ɗaruruwa, wani lokaci ma fiye da dubu. Bambancin a bayyane yake. Jami'in da ke da ɗalibai dubu ba zai wuce sa hannu a takardar rajista ba, amma mai ɗalibai 70 zai san cewa wance ta daina zuwa ajin lissafi tun makon jiya, ya kira ta, ya gano cewa an sauya mata lokacin aiki, ya nemo mata mafita tun kafin ta faɗi jarrabawa. An wajabta wa ɗalibi ganin jami'in nasa sau biyu a wata a farkon tafiya, kuma samun katin mota ya rataya ne a kan cika irin waɗannan sharuɗɗa. Nan ne dabarar take: ɗalibin da kunya ko gajiya za ta hana shi neman taimako yana da dalilin da zai kai shi ofishin ko da bai yi niyya ba, kuma idan ya zauna, maganar da ba a shirya yi ba takan fito. Wannan yana da muhimmanci ga yaranmu, waɗanda aka rene su da kawaici, ba su saba kai kukansu ga baƙo ba, kuma sau da yawa su ne na farko a gidansu da suka shiga kwalejin Amurka.

Akwai kuma malaman ƙarin darasi ga masu rauni a lissafi ko Turanci, da jami'in da ke taimakawa wajen neman aiki, da damar yin rajista da wuri domin ɗalibi ya tattara darussansa a lokaci guda, safe ko yamma.

Abin da ya bambanta ASAP da yawancin shirye-shirye irinsa shi ne an gwada shi gwaji mai tsauri. Cibiyar bincike ta MDRC ta ɗauki ɗalibai 896 masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suke bukatar darussan share fage, a kwalejojin Borough of Manhattan, Kingsborough da LaGuardia, ta raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suka shiga shirin, wasu suka bi hanyar da aka saba. Sakamakon da ta fitar a 2015 ya nuna cewa kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin sun kammala cikin shekara uku, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 22 ne. Masu shakka sun iya cewa wannan dacen New York ne kawai, amma da aka kwaikwayi tsarin a kwalejoji uku na jihar Ohio, inda aka maye katin jirgi da katin dala 50 a wata na man fetur ko cefane, sai aka samu kashi 35 a kan kashi 19. Da shekaru suka ƙara tafiya tazarar ta ragu, domin wasu daga cikin waɗanda ba sa shirin sun kammala daga baya, sai dai ba ta ɓace ba.

Ya kamata a lura cewa kashi 40 yana nufin shida cikin goma ba su kammala a kan lokaci ba duk da wannan gata. Shirin kuma yana da tsada, domin a lokacin binciken ya ci ƙarin kimanin dala 16,000 a kan kowane ɗalibi cikin shekara uku, ko da yake yawan waɗanda suka kammala ya sa kuɗin da aka kashe a kan kowane digiri ya fi na hanyar da aka saba sauƙi. Da aka faɗaɗa shi zuwa ɗalibai kusan 25,000, nauyin jami'i ɗaya ya haura zuwa wajen ɗalibai 150, aka kuma koma raba ɗalibai gwargwadon bukatarsu, mai matsala ya riƙa zuwa a kai a kai, wanda ya daidaita kuma a sassauta masa. Tsari ne mai ma'ana, amma ɗalibin da yake iya ɓoye damuwarsa zai fi saurin sulalewa a cikinsa fiye da a tsarin farko.

Babban abin da nake kuka da shi shi ne sharaɗin karatu na cikakken lokaci. Dole ɗalibi ya ɗauki aƙalla kiredit 12 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darussa) a kowane zango, kuma tun da digirin yana bukatar kimanin 60, ana ƙarfafa shi ya ƙara da darussan hutun hunturu da na bazara. Hujjar masu shirin tana da ƙarfi, domin mai karatun jefi-jefi ya fi yawan yankewa a hanya. Sai dai magidancin da yake tuƙa tasi da dare, ko uwar da take kula da tsofaffi a gidajensu tana kuma aika kuɗi gida Kumasi ko Maraɗi, ba za su iya wannan nauyi ba, alhali su ne suka fi bukatar mai riƙe musu hannu.

Ga matashin da ya gama sakandare a birnin, yake zaune tare da iyayensa, kuma zai iya taƙaita aikinsa zuwa 'yan awoyi a mako, ina ba da shawarar ya shiga ba tare da jinkiri ba. Sharuɗɗan sun haɗa da zama mazaunin birnin New York, da cike takardar neman tallafi ta FAFSA da ta TAP kowace shekara, da zaɓen fannin da shirin ya amince da shi, kuma ana shiga ne a farkon karatu kafin ɗalibi ya tara darussa da yawa. Wanda yake neman digirin shekara huɗu sai ya duba shirin ACE, wanda aka gina a kan wannan tsari, aka fara shi a kwalejin John Jay a 2015.