Hattara da mai haɗa kicin da ke yawo a Maraɗi

Assalamu alaikum ƴan uwa mazauna Maraɗi, musamman masu gini a Ali Ɗan Sofo da Zariya, da iyayen da ke shirin kai ɗiya ɗaki. Akwai wani mutum da ke karɓar kuɗin jama'a da sunan zai haɗa musu kicin na zamani, kuma ya riga ya cuci ƙanwata da mijinta. Ba zan kama suna ba domin maganar tana komisariya. Yadda yake aikinsa nake so ku sani.

A Facebook da WhatsApp yake farauta. Hotunan da yake sakawa masu ɗaukar ido ne, amma ba aikinsa ba ne, daga shafukan wasu ya kwaso su. Idan kin kira shi zai zo har gida da abin awo, ya auna bango, ya yi ta "Hajiya, ki bar mini komai", sannan ya yanka farashi ƙasa da na kowane kafinta a garin nan. Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne yakan kai ka wani shagon kafintoci ya ce nasa ne. Ashe shiga kawai yake yi ya gaisa da yaran shagon kamar maigida. Da muka koma daga baya, mai shagon ya ce ya san shi ne a matsayin dillali, ba su taɓa karɓar ko dala a kan aikinmu ba.

Daga nan sai kafin alƙalami. Ya nemi fiye da rabin kuɗin, wai zai sayo katako a Kano, ya ce a tura ta kamfanin aika kuɗi da sunan wani "ƙanensa". Babu rasit, babu shaida. Sai uzuri ya fara: yau kaya sun maƙale a Jibiya, gobe ƴan duwan sun riƙe mota a Ɗan Isa, jibi canjin naira ya motsa, a ƙaro wani abu. Tun rufe iyakar da aka yi a 2023 mun saba da jinkirin kaya, shi ya sa ƙaryar ke shiga kunne.

Da matsi ya yi yawa sai ya kawo wasu akwatuna ya kafa rabi. A nan ne abin ya fi yi mini zafi. An yi magana a kan allon MDF (allon kamfani mai sumul da ake yin kabad da shi) mai kaurin milimita 18, irin wanda ke jure danshi, shi kuwa ya kawo siririn allo na garin katako da aka matse, an lulluɓe shi da leda mai sheƙi. A ido ba ka ganewa sai ka duba bakin allon inda aka yanka: na garin katako za ka gan shi da ɓarɓashi, ƙusa ba ta kama shi da kyau. Ƙarƙashin wurin wanke kwanuka kuwa, da ruwan famfo ya ɗiga sai ya kumbura kamar burodin da ya jiƙa. Ƙofofi suka fara zubowa, dutsen da ake shimfiɗawa a saman akwatunan, wanda aka biya kuɗinsa, bai zo ba, lambarsa ta daina shiga. Ƙanwar nan tawa adashe ta yi ta zubawa kafin ta tara kuɗin.

Don Allah, duk wanda zai ba da irin wannan aiki ya nemi a kai shi gidan da aka yi wa aikin tun bara, ya buɗe ƙofofi da hannunsa, ya tambayi masu gidan. Ka koma shagon kai kaɗai ka tambayi maƙwabta wane ne mai shi. A rubuta irin allo da kaurinsa da ranar gamawa, a sa hannu gaban shaidu biyu, ka riƙe hoton katin shaidarsa. Kuɗi kuma kada su tafi da sunan wani. Idan da hali, ku je tare ku sayi allon, kuɗin hannu kuwa a biya kashi-kashi yadda aiki ke tafiya. Wurin da ruwa ke taɓawa gara a yi shi da siminti da karo ko alminiyom, ga kuma gara da ke cin katako a gidajenmu.

Muna da kafintoci masu amana a Maraɗi, kuma irin wannan mutum sunansu yake ɓatawa. Wanda ya san an yi masa haka kada kunya ta hana shi magana. Ya ɗauki takardar tura kuɗin da saƙonnin wayarsa ya kai komisariya, domin ƙarar mutum ɗaya ba ta kai ta mutum biyar nauyi ba.