Kafin ka sayi man shafawa don dajin fatar fuska

Kawuna zabiya ne, ya fi shekara 20 yana dako a kasuwannin Jidda, rana na dukan fuskarsa. Wani jan tabo mai ɓawo ya fito masa a kumatu, in ya ɓare sai jini. Ya shiga kantin magani ya sayi man ƙaiƙayi, wata huɗu yana shafawa. Jan ya lafa, ciwon kuma yana ci ta ƙasa. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wane mai zai saya, sai na fara tambayarsa: an gutsuri fatar an kai ɗakin gwaji?

Ciwon Kawu dajin fata ne da likitoci ke kira sukwamas, mataki biyu gare shi. Akwai wanda yake kwance a saman fata bai nutsa ba, shi ne cutar Bowen. Akwai wanda ya huda ya shiga nama, yana iya kaiwa ga kaluluwar wuya, musamman in a leɓe yake ko a kunne. Mai na iya maganin na farkon kaɗai. Ido kuwa ba ya bambance su, ko na likita, sai gwaji.

In gwaji ya nuna na sama ne, mai biyu aka fi rubutawa, kuma dukansu sai da takardar likita.

Efudix yana ɗauke da fluorouracil kashi 5 cikin 100, yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa. Galibi sau biyu a rana ake shafawa, mako 3 zuwa 4, wani lokaci fiye. Ka shirya wa abin da za ka gani a madubi: wurin zai yi ja, ya saɓule, ya yi raɗaɗi kamar ƙuna. Da yawa a nan suke tsorata su daina, alhali aikin ke nan yake yi. Mai ciki ba ta amfani da shi. Kuma a ɓoye bututun, domin kyanwa in ta lasa tana iya mutuwa, gidajenmu na Makka da Jidda kuwa ba a raba su da kyanwa.

Aldara, wato imiquimod, garkuwar jiki yake tayarwa ta yaƙi wurin da kanta. A ƙananan ledoji yake zuwa, a shafa da dare, a wanke bayan awa 8. Yakan ɗauki lokaci fiye da Efudix, daga mako 6 zuwa sama, yawanci kuma ya fi tsada. Wasu yakan sa musu zazzaɓi da ciwon jiki kamar mura. A baƙar fata, kowannensu na iya barin tabo mai haske ko mai duhu.

Baƙin man nan da ake tallatawa a intanet wai yana “zuƙe” daji, kada ya taɓa fuskarka. Nama yake ci, mai lafiya da marar lafiya, ya bar rami.

In kuwa ya nutsa, maganar mai ta ƙare, sai tiyata. Likita zai yanke shi tare da milimita 4 zuwa 6 na lafiyayyar fata a kewaye, a duba gefen a tabbatar ba saura. Kusa da ido ko hanci, ka tambayi tiyatar Mohs, wadda ake yanka kaɗan-kaɗan ana dubawa, don kada a ɗebi fata fiye da kima. Tsohon da ba zai jure yanka ba, akwai gashi, wato ƙona dajin da hasken na'urar asibiti. Ni dai a fuska na fi natsuwa da yanka ko da na sama ne, don mai ba ya ba ka takardar da ta ce an cire duka. Mai inshora ya fara tambaya ko tana biyan gwajin kafin ya kashe riyal ɗaya a kan bututu.

Na Kawu ya riga ya nutsa. An yanke, an ɗinke, sakamako ya nuna gefen ba komai. Yanzu ba ya fita sai da malafa da man kariyar rana, kuma duk ranar komawa asibiti ni nake raka shi a taɓa masa wuya.